Ɓaren Wainar Tuffa

Landan, Oktoba 1983

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Baba, ya mutanen Gummi? Ni lafiya lau, ina ta renon yaran Yaya Dija.

Nan ma kaka ce, tuffa na zuba bayan gida. Jiya na fere ta, na haɗa da fulawa da sukari na gasa musu. Ƙamshin ya tuna mini dankalin da kike gasa muna bayan yankan shinkafa. Da sunka ƙoshi na miƙa hannu ga ɓaren da ya ƙone. Yaya Dija ta juye shi cikin shara tana dariya, ta ce bakin ƙauye bai san wannan ba.

Ban ji haushi ba, Inna, ana ba ni abinci. Kada dai Goggo ta ji, kin san Yaya Dija ɗiyarta ce. Ki sa ni addu'a.

Ɗiyarki,
Husaina