Kafaɗar da Baba Ke Dafawa Ranar Juma'a

Ƙofar Marke, Sakkwato,
Lahadi, 11 ga Satumba, 1960.

Zuwa ga wana abin girmamawa, Yaya Attahiru, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙane ga wansa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da jama'ar zango baki ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya tsare hanyar shanunka, ya sa ƙasar da kake zaune ta ci gaba da karɓar ka. Takardarka ta hannun Maigandi ta iso tun farkon damina tare da goron da ka aiko. An raba shi yadda ka ce, Gwaggo Saudatu kuma ta ce a gaya maka farin ya fi na bara. Na san na yi jinkirin amsa. Wannan ita ce takarda ta uku da na fara. Biyun farko na yaga su, domin na cika su da labarin ruwan sama da hatsi, na bar abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Gida lafiya, alhamdu lillahi. An fara yankan gero, kuma ya yi kyau. Ƙanwarka Ni'imatu, mai ɗakina, tana gaishe ka; muna sa ran ƙaruwa kafin azumi, idan Allah ya yarda. Ɗiyarka Tasalla ta cika shekara huɗu, bakinta ya buɗe fiye da yadda nake so. Gari kuwa ba a maganar komai sai mulkin kai. Ana shafa farar ƙasa a bangon ofisoshi, ana ɗinkin tutoci, ku da kuka riga mu shekara uku da samun naku kun san irin wannan hayaniya. Ni dai sai na ga kamar kowa ya san inda ya dosa, ban da ni.

Ka taɓa tambayata yadda aikin likitan dabbobi yake, na amsa maka da cewa da godiya. Yanzu zan faɗa maka dalla-dalla. A takarda, aikina daga ƙarfe takwas ne zuwa biyu, Asabar zuwa sha biyu, Juma'a a tashi kafin salla. Amma mahauta ba su jiran ƙarfe takwas. Da an sallame asuba ina kwata ina duba nama, daga nan ofis, da la'asar kuma sau da yawa wani ya zo da sa mai tari ko doki mai ɗingishi, ba a iya ce masa an tashi. Na taɓa lissafawa, sai na tarar mako guda yana cin mini fiye da sa'a hamsin da biyar. Kwanan baya Tasalla ta tambayi uwarta ko a ofis nake da gida, nan kuma ziyara nake kawowa. An yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ba ta bar ni ba.

To, mako uku da suka wuce, Baturen da ke shugabancin aikinmu, wanda zai koma ƙasarsu bayan bikin mulkin kai, ya kira ni ya ce an ga ya dace in gaje shi a kan allurar shanu ta lardin nan. Albashi zai ƙaru da kusan rabin abin da nake samu, da mota, da gida idan ina so. Sai dai daga ɗaukewar ruwa har zuwa bazara zan riƙa yin mako uku a daji cikin kowane wata: Gwadabawa, Isa, Argungu, har Yawuri. Ranar da Fulani suka tara shanu a mashaya ita ce ranar aiki, ko Juma'a ce ko Lahadi. Ba zan ɓoye maka ba, ina son aikin. Na ga garken da cutar bushiya ta shiga, na ga mai shi zaune a gefe yana kallon mushen shanunsa, kuma na san dalilin da ya kai ni jami'a a Ingila ke nan. Da na shaida wa Ni'imatu, ta ce ita ba ta hana ba, amma in sani albashi ba ya zama a tabarma ya ci tuwo da su. Duk da haka, ba maganarta ce ta sa na yi niyyar ƙin aikin ba. Akwai wani abu da na ɓoye maka shekara biyu, ina neman gafararka a kai.

Idon Baba ya tafi, Yaya. Yanar ido ce ta rufe duka biyun a hankali. Yana bambanta rana da inuwa, amma fuskar mutum ba ya gane ta ko da a gabansa take. Bai taɓa faɗa ba, ni ma ban taɓa faɗa masa na sani ba. Ka san abin da ido yake a wurinsa. Shi ne Malam Dodon da ake kira a kara, kasuwar shanu, idan ciniki ya cije, ya dubi sa daga nesa ya faɗi abin da zai yi, ba a ja. Yanzu shafa su yake yi, tozo da haƙarƙari da gindin wutsiya, yana cewa dillalan zamani ragwaye ne, ba su son ɓata hannu. Sau ɗaya na ambata masa asibitin ido na Kano, ya ce wa ke ciwon ido a gidan nan, a gaishe shi. Ban sake ba.

Ga yadda muke yi ranar Juma'a. Ina tashi daga ofis in tarar ya shirya a zaure. Idan mun fito sai ya dafa kafaɗata ta dama, kamar mai ba ɗansa shawara, mu kama hanyar masallaci yana ta magana. Idan mun kusa lambatu ko tudu sai in rage tafiya, ya ji a kafaɗar. Duk wanda ya tunkaro mu kuwa, ni nake fara gaishe shi da sunansa, da ɗan ƙarfi, sai Baba ya karɓa ya tambaye shi gida da 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya. Mutane suna yaba ladabina. Tafiyar ba ta kai rabin sa'a ba, zuwa da dawowa kusan sa'a guda, amma cikin duk sa'o'in makona ita ce kaɗai na tabbata ba wanda zai iya yin ta a madadina a gidan nan. Saboda ita na rubuta takardar ƙin aikin, na ajiye a aljihu.

Ban san labarin ya kai kara ba. Juma'ar farkon watan nan, da muka fito, Baba bai dafa ni ba. Ya ɗauki sandarsa ta zuwa kara ya shige gaba da sauri, ni ina biye. Ashe ya haddace hanyar. Ya tsallake lambatun ƙofar masu jima daidai, ya kauce wa tudun nan na kusa da rijiya, har na fara jin kunyar kaina. Sai ga Malam Audi, abokinsa tun suna kai shanu kudu a ƙasa, yana tafe bakinsa cike da goro, ya ɗaga hannu bai yi magana ba. Ni kuma ina baya, ban yi saurin kiran sunansa ba. Baba ya wuce shi kamar ya wuce bango. Malam Audi ya juyo ya ce to, Dodo, tun ɗan bai zama Bature ba uban ya daina gaida talakawa, ina ga an ba shi motar. Baba ya tsaya, ya yi dariya, ya ce tun daga nesa ya hango shi, jira yake ya haɗiye goron, kada ya fesa masa ja a rigar Juma'a. Jama'a suka yi ta dariya. Ni kaɗai na san da murya ya gane shi.

Da muka dawo ya zaunar da ni a zaure. Ya ce ya ji ana so a ba ni aikin Bature ina jan ƙafa. Ya ce shi bai sayar da bijimansa ya tura ni hayin teku don ya sami sanda ba. Sanda sisi ce a kasuwa. Ya ce in karɓi aikin, magana ta ƙare. Ido dai bai ambace shi ba, ni ma ban ambata ba. Mako guda na yi ina jujjuya abin, ina zuwa kwata in duba hanta ɗaya sau biyu. Idan na ƙi, na saɓa masa, kuma na nuna masa na san abin da yake ɓoyewa. Idan na karɓa, wata Juma'a zai wuce wani, ba lalle ya zama mai raha irin Malam Audi ba.

Shekaranjiya Juma'a ya mayar da hannunsa kafaɗata. Mun yi nisa sai ya matsa ta, yadda yake matsa tozon sa, ya ce ofis ya cinye naman, saura ƙashi. Da dabba ce aka kawo masa haka ba zai taya ba. Can ya ce mutumin Kumasi shi ne mai faɗin kafaɗa tun yana yaro. Sannan ya tambaye ni, kamar abin bai dame shi ba, kwana nawa mota ke yi yanzu daga Kumasi zuwa nan. Yaya, kai ne ɗan fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ya kama sunanka ba, ban taɓa jin ya tambayi labarinka a gaban mutum ba. Idan takardarka ta zo, Gwaggo yake bari ta tambaya shi ya saurara. Ka san shi kamar yadda na san shi. Wannan tambaya ita ce iyakar abin da zai iya faɗa.

Gobe Litinin zan kai amsa cewa na karɓa. Rangadin farko a makon farko na Nuwamba ne. Na san kana da harka da iyali a can, na san kuma rani shi ne lokacin cinikinka, ban ɗauki abin da nake roƙo ƙarami ba. Ban taɓa roƙon ka komai ba, ko lokacin da nake karatu, amma yau ina roƙo: ka zo kafin ƙarshen Oktoba, ka yi rani a gida. Ka ce ka zo duba shanu ne. Juma'ar farko za mu fita mu uku, ina gaba kana ganin inda nake rage tafiya. Mutane da yawa sun tsufa ko sun girma a bayanka, zan riƙa kiran sunayensu ka riƙe. Ka tsaya ta hagunsa, da hannun dama yake riƙe sanda. Kada ka kama hannunsa ko da ya yi tuntuɓe. Ka tsaya kawai, zai nemo kafaɗar da kansa.

Ka gaida Yaya Ashatu da yara, Jinaidu da Sadiyatu, Allah ya raya su. Ka gaida Maigandi, ka ce masa mun gode da ɗawainiya. Gwaggo Saudatu da Inna Mairo suna gaishe ka, haka ma Ni'imatu. Baba bai ce in gaishe ka ba. Na amsa masa cewa mota takan yi kwana biyar ko shida idan hanya ta yi kyau, ya ce ashe ba nisa.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ƙanenka,
Mika'ilu.