Makullai Goma Sha Huɗu

Ikko, 3 ga Maris, 1976

Inna,

Bayan gaisuwa da ladabi, yaya ƙafar? Hankalina bai kwanta ba tun da na ji kin faɗi a bakin famfo. Na ɗauki wata mata, Balki, wadda ta taɓa aikin asibiti, ta zauna tana kula da ke. In kika kore ta, ba makawa zan zo in taho da ke Ikko.

Ɗanki,
Lawal

Hayin Banki, Kaduna, 19 ga Maris

Auta,

Ina gaishe ka. Tukur tela ke rubutawa, ni ke faɗa, na kuma ce kada ya rage komai.

Balkinka ta iso, ban kore ta ba, aiki ne dai ta rasa. Ta ɗauki bokiti, ta tarar Sambo direba ya cika randa. Ta hura wuta, sai ga tuwo daga gidan maƙwabciyata Mairo.

Ka manta makullan mutum goma sha huɗu nake ajiyewa? Da lebura da ɗan kasuwa, kowa ya miƙo nasa da safe, ya karɓa da yamma, kuma ba mai wucewa bai ce "Inna, me ake bukata?" ba. Ranar da na faɗi, kafin in gama salati mutum huɗu sun ɗaga ni, har da gardamar wa zai riƙe ƙafa.

In ka kai ni Ikko wa zai ba ni ajiya? Sai dai in zauna kamar tukunyar ado. Ina son gidana, Auta, nan ubanka ya bar ni.

Allah ya yi maka albarka.
Innarka

Hayin Banki, 2 ga Afrilu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, na ajiye aiki. Tun zuwana ba abin da nake yi sai ci da hira, har rigunana sun matse. Na kama ɗaki a gidan Mairo, ina tuyar ƙosai, Inna ce ma ke koya mini. Ka bar ta, wallahi ta fi mu lafiya.

A huta lafiya.
Balki

Ikko, 15 ga Afrilu

Inna,

Ina gaisuwa. Kin yi nasara, ki yi zamanki, ki kuma gaishe mini da kowa da kowa.

Makon jiya zazzaɓi ya kwantar da ni kwana uku. Gidan da nake bene ne mai hawa shida, Inna, cike da mutane. Ba wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa.

Ɗanki,
Lawal