An Ce In Gyara Motar da Ta Kashe Mai Shara

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara, kwana uku ke nan na kasa ɗaga guduma.

Ni fanalbita ne, shekarata ashirin da biyu ina buga mota ina mata fenti. In mota ta lotse ba sai an gaya mini abin da ta daka ba. Yadda bango yake lotsa ƙarfe daban, na bishiya daban, na mutum daban. Ranar Talata da hantsi yayan matata ya sa aka jawo motarsa garejina, wai akuya ɗansa ya buge, in gyara kafin Asabar. Akuya! Wace akuya ce take fasa gilashin gaba? Ina buɗe bonet sai ga tsinkayen tsintsiya cushe a lagireto. A safiyar ranar aka kashe wata mai sharar titi a kwanar kasuwa, motar ba ta tsaya ba. Ta bar 'ya'ya huɗu. Na ja tamfol na rufe motar.

Bari ki ji ko wane ne surukin nawa. Ɗan kwangila ne, irin mutanen nan da suke ganin in yaro ya iya murza sitiyari ya gama karatun duniya. Ɗan nasa shekararsa sha biyar, ko gashin baki bai tsiro ba, amma shi ke kai ƙannensa makaranta. Uban yana tsaye ƙofar gida da tumbinsa, yana ɗaukarsa a waya yana tura wa dangi. Har suna ya laƙaba masa, wai Jirgi. Uwar kuwa ka yi magana ta ce hassada ce. Sau uku ina gyara musu motar nan: ƙofar maƙwabci, rumfar mai tumatur, sai keken wani tela. Kowane karo uban dariya yake, wai haka maza suke koyo. Ni dai ban taɓa sa baki ba. Ko lokacin da yaron yake shekara sha uku, ƙafarsa ba ta kai totur, da uban ya matsa na yi wa totur da birki ƙarin ƙarfe da walda, aikin minti ashirin ne, kuma sa ni aka yi.

Jiya surukin nawa ya zo garejin. Na zaci maganar matar da aka kashe zai yi, ashe kalar fenti ya zo zaɓa, kada ta bambanta. Yaron an ce ko abinci ba ya iya ci, amma da safen nan uban ya danƙa masa makullin motar uwar, wai kada tsoro ya zauna masa. Tir da wannan uba, wallahi.

Matata kuka take, wai in na buɗe baki na kashe zumunci, ba ta da kowa sai yayan nata, shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu. Anti, in gyara in yi shiru, ko in tona in rasa gidana?

Naki,
Fanalbita mai neman mafita

Malam Fanalbita,

Kada gudumarka ta taɓa motar nan. Wannan shi ne na farko.

Surukinka ka faɗi halinsa, kuma ban ga abin da zan rage ba. Mutumin da ɗansa ya yi kisa ranar Talata, shi kuma damuwarsa kalar fenti, bai cancanci a ɓata tawada a kansa ba. Sai dai na lura ka yi sakin layi guda kana zaginsa, naka laifin kuma ka cusa shi can ƙarshe kamar abin da ya faɗo daga aljihu. Yaro ƙafarsa ba ta kai totur ba, kai ka kai masa ita. Sa ka aka yi? Kai da ka fi kowa sanin abin da mota take yi wa jikin mutum? Haba malam. Gyara uku ka yi bakinka a rufe, wannan na huɗun ɓoye kisa ake nema ka yi, kuma ranar da asiri ya tonu, mai tumbin zai ce shi mota kawai ya kawo.

Kukan matarka ba na banza ba ne, yayanta ya yi mata halacci, kada ka raina wannan. Zaunar da ita ka tambaye ta a hankali: in gobe motar ta kife da yaron da ƙannensa a baya, shirun nan wa ya amfana? Shi ma yaron abin tausayi ne, an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, kuma rufa-rufa ba za ta sauke masa ba.

Yau ɗin nan ka ɗauki hoton motar yadda take. Ka samu wani babba a dangin matarka ku je wurin surukinka tare, a fara karɓe makulli daga hannun yaron. Ka ba uban zuwa gobe ya nemi lauya, ya kai kansa da ɗansa wurin hukuma. In ya ƙi, kai ka je, kuma ka faɗi har da waldar da ka yi. Za a yi fushi da kai, wataƙila a daɗe. Ba zan ce maka abin zai zo da sauƙi ba.

Amma akwai yara huɗu da har yanzu ba su san wanda ya kashe uwarsu ba, kai kuwa ka sani. Allah ya jiƙanta, ya raya su, ya zaunar da gidanka lafiya, ya ba ka ƙarfin zuciyar yaye tamfol ɗin nan.

Anti