Rahoton da Na Rubuta a Kan Kyaftin Ɗinmu

Hajiya Ishatu, don Allah ki taimake ni, ba ni da wanda zan gaya wa.

Ranar Asabar 8 ga Fabrairu, ƙarfe biyar saura kwata na yamma, a minti na saba'in da ɗaya, Ashraf, kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon kwalejinmu, ya mari alƙalin wasa bayan an ba shi jan kati. Taku goma ne tsakanina da su. Bara na gama jami'a, watana uku a matsayin mataimakin jami'in wasanni, kuma rubuta rahoto aikina ne. Litinin ƙarfe takwas na safe na miƙa shi ga kwamitin ladabtarwa.

Ashe a nan jira ake yi manya su shiga tsakani tukuna. Ba wanda ya gaya mini. Da yammacin Litinin ɗin mahaifin Ashraf ya kai goro gidan alƙalin a Tudun Jukun, Ashraf ya durƙusa, aka yafe masa.

Kwamiti zai zauna ranar Alhamis, ana maganar korar Ashraf daga kwaleji, alhali shekararsa ta ƙarshe ce. Koci Nagoda yana so in janye rahoton in ce hayaniya ce kawai. 'Yan wasa sun daina gaishe ni. Wurin mai shayin da muke karyawa, da na zauna sai benci ya zama nawa ni kaɗai. In na koma ɗaki sai in sake karanta kwafin rahoton, har yau ban ga kuskure ko ɗaya ba.

Ban sani ba ko alƙalin zai maimaita yafiyarsa gaban kwamiti. Ban sani ba ko Ashraf ya taɓa yin haka. Ban ma sani ba ko akwai wanda zai sake yarda da ni.

Mai Neman Mafita, Tudun Wada, Zariya

Ɗana, kada ka janye, kada ka sauya ko kalma ɗaya. Mari ka gani, mari ka rubuta. Amma rahotonka ya tsaya a ranar Asabar, alhali maganar ta wuce nan. Sulhun ma gaskiya ne, kuma kwamiti yana da haƙƙin saninsa.

Kafin Alhamis ka je wurin alƙalin da kanka, ka roƙe shi ya rubuta yafiyarsa ya sa hannu, ka haɗa da rahoton. Ka gaya wa kwamiti dakatarwa daga wasa kake ganin ta dace, tunda a fili laifin ya faru. Hukunci nasu ne.

Koci ma ba mugu ba ne, karatun ɗalibinsa yake ji wa. Ka tafi da shi gidan alƙalin. Sannan ka nemi Ashraf ku yi magana ido da ido, ko da ba zai amsa ba ran farko.

Gaisuwa za ta dawo a hankali. Kai dai ka riƙa fara yi. Allah Ya sanyaya maka zuciya, Ya shirya Ashraf.

Hajiya Ishatu