Ƙafafun da Ka Zana a Kwali

Zuwa ga Bappa Hammadu,

Gaisuwa ta ladabi da girmamawa daga 'yarka Kwanye, wadda ka fi kira da Lamba Huɗu. Na san takarda ba ta isa inda kake. Amma na saba kawo maka rahoto bayan kowane wasa, kuma akwai rahoton da ya kamata ka ji. Na sa shi a fili ne domin yaran filinka da suka watsu a garuruwa su karanta tare da mu.

Wata tara ke nan da rasuwarka. Na gama jami'a, Bappa. Ilimin ƙididdiga na karanta, kamar yadda ka yi ta tsokanata cewa zan yi. Sakamako ya fito bayan tafiyarka da wata biyu, yanzu ina jiran kiran bautar ƙasa.

Ka yi haƙuri in fara daga farko, don ba duk masu karatu ne suka san mu ba.

Ina da shekara goma sha ɗaya muka gudo daga Michika, ni da Mama da ƙannena biyu. Mun kwana a harabar coci a Jimeta na wasu makonni, kafin wani ɗan'uwan Mama ya ba mu ɗaki a unguwar Bako. Ban shiga makaranta ba a lokacin. Aikina shi ne in tsaya jikin katangar firamare da yamma ina kallon yara suna ƙwallon hannu, wani dattijo siriri da usur a wuya yana bin su da faɗa rabi da Hausa rabi da Fulatanci. Daga baya na san malamin motsa jiki ne kai da ya yi ritaya, kana tahowa daga Yola Gari a kan keke.

Rana ta huɗu ka juyo ka ce, "Ke mai jan ɗankwali, katangar nan tana da mai gadi. Zo nan."

Na zata za ka tambaye ni daga ina nake, ko ka nemi takardar haihuwa, don duk inda muka je abin da ake tambaya ke nan, tamu kuma ta ƙone da gidanmu. Sai ka shimfiɗa ɓallin kwali a ƙasa, ka ce in taka. Ka durƙusa da biro ka zagaye ƙafata. Na yi dariya saboda cakulkuli, dariyar da na daɗe ban yi ba. Ka rubuta sunana a cikin zanen, ka ce, "Ban nemi takarda ba, ƙafa na nema." Bayan sati biyu aka kawo mini farin kambas, ya zauna mini daidai.

Sai da na girma na san hanyar da kambas ɗin yake bi.

Kai ka ba ni labarin. Madam Uche, mai kamfanin ruwan leda da na gora a Jimeta, ta kawo wa 'yan gudun hijira ruwa, ta gan ka kana cire wa wata yarinya ƙaya a tafin ƙafa. Ta tambaye ka me kake buƙata. Ka ce takalma, amma ba ka san lambar ƙafar kowa ba, yaran ma ba su sani ba. Nan take ta sa aka zazzage kwalin ruwa, ta yage shi, ta miƙa maka biron da ke jakarta. Tun daga ranar kai kake zanawa, ita take kwasar kwalayen zuwa kasuwar Jimeta da kanta, tana ɗora takalmi a kan zane har sai ya dace, sannan ta rubuta lambar a kusurwa da jan biro.

Ba ka taɓa sauya wa yaro kwali ba. Duk farkon shekarar karatu za mu sake takawa a kan tsohon, ka sake zagayewa. Nawa yana da zane bakwai, ƙarami a ciki, kowanne yana rungume da na bara.

Ina so in faɗi abin da kamfanin ya yi dalla-dalla, don ka san ba na son a ƙara ko a rage. Kambas sau ɗaya a shekara ga kowane yaro. Ƙwallaye da raga. Jesi, da sunan kamfanin a baya da ƙananan haruffa. Ruwa kowace Asabar, ba a taɓa fashi ba sai sau biyu da mota ta lalace. Mota idan za mu buga wasa a Shagari Low Cost ko wata unguwa. Ba a taɓa karɓar komai a hannun iyayenmu ba. Sharaɗi ɗaya Madam ta gindaya: wanda ba ya zuwa makaranta ba zai taka kwali karo na biyu ba. Wannan sharaɗin ne ya mayar da ni aji, kai ka raka Mama wurin hedimasta.

Akwai ranar da wani ma'aikacinta ya zo da mai hoto, ya ce a ware yaran gudun hijira gefe guda a ɗauke su da kwalayen ruwa a hannu. Ka ce ba ka san waɗanne ne ba. Ka sani sarai, Bappa. Da maganar ta kai wurin Madam, cewa ta yi a ɗauki hoton ragar. Har yau ban taɓa ganin fuskata a allon talla ba, kuma sai yanzu na gane girman wannan.

Lokacin da bam ya tashi a Jimeta, Mama ta hana ni fita. Ta ce ba ta ɗauko mu daga Michika don ta rasa mu a taro ba. Ka zo gidanmu, ka ƙi shiga, ka zauna a kan dutsen ƙofar gida kuna magana ta labule. Ba ka yi mata alkawarin cewa babu abin da zai faru ba. Ka ce, "Ni ba Allah ba ne, Maman Kwanye. Amma duk inda 'yarki take tsaye, ni ma a nan nake tsaye." Daga ranar kana tura kekenka a ƙasa, ka raka mu gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ka yi sauri ka sami sallar magariba.

Ka tuna wasanmu da 'yan Shagari Low Cost? Saura kaɗan a tashi na jefa ƙwallo a raga, alƙalin wasa ya ba mu ci. Amma na san ƙafata ta taka layin da ba a takawa kafin in saki ƙwallon. Na je na gaya masa. Aka soke cin, aka cinye mu. Jummai, mai tsaron ragarmu kuma aminiyata, ta yi sati ba ta yi mini magana ba. Kai ba ka yabe ni ba, ba ka kuma yi faɗa ba. Asabar ta gaba ka miƙo mini littafin rubuta sakamako ka ce, "Riƙe. Ke ba za ki iya cuta ba ko an roƙe ki."

To, an roƙe ni, Bappa. Rahoton ke nan.

Madam ta tsufa, ta koma garinsu a Kudu maso Gabas, ta bar kamfanin a hannun ɗanta Chidi. Bayan rasuwarka filin ya tsaya. Ciyawa ta rufe layukan, yara suna zuwa ranar Asabar su leƙa su koma. Ni da Jummai da wasu tsofaffin 'yan wasa muka rubuta wa kamfanin muna neman a ci gaba. Amsa ta zo cikin mutunci: yanzu suna da kwamiti, masu neman taimako suna da yawa, a turo mutum ɗaya ya bayyana abin da filin ya haifar. Aka ce ni, tunda ni ce mai digiri.

Na san tambayar da za su yi: 'yan wasa nawa kuka fitar? Jummai ta ce in ce muna da yara a ƙungiyar jiha, wani ma yana shirin fita waje. Ta ce, "Ke Lamba Huɗu, kar ki sake taka mana layi. Wannan karon ba wasa ɗaya za mu rasa ba." Ba ta yi ƙarya ba a kan abin da za mu rasa. Idan suka ce a'a, babu wani kamfani da ya san mu.

Na je Yola Gari in yi wa Goggo Asta gaisuwa, in kuma tambaye ta ko ka bar wata takarda. Matarka ta yi dariya ta ce takarda kam babu, sai tarkacen da ka hana ta hura wuta da su shekara da shekaru. Ta nuna mini saman kabad. Kwalayen ne, ɗaure da igiyar keke. Na ƙirga sau uku: ɗari da arba'in da uku. Gara ta ci gefen guda tara, amma sunayen suna nan.

Ranar Laraba da ƙarfe goma na safe na shiga ofishinsu da buhu a kai. Mutum huɗu ne a teburin, Chidi a tsakiya. Tambayar ta zo kamar yadda na zata. Na ce babu ko ɗaya. An taɓa kiran mutum biyu gwaji, ba a ɗauke su ba. Babu wanda yake cin abinci da ƙwallon hannu a cikinmu.

Wata mata a kwamitin ta rufe biron hannunta. Na ji kamar an hura usur ɗin tashi.

Sai na kwance buhun. Teburin bai isa ba, na sauka ƙasa ina jerawa. Na ɗauki ɗaya ɗaya ina faɗin abin da na sani. Wannan Jummai ce, tana ɗinki a kasuwar Jimeta, tana da yara uku masu koyo. Wannan Yakubu, yana tuƙa keke napep. Wannan Ladi, tana karatun jinya. Wannan Tizhe, ya koma Michika ya sake gina ɗakin mahaifinsa. Waɗannan biyu sun rasu. Waɗannan masu zane ɗaya tak, sun zo shekara guda ba su dawo ba, kuma ban san inda suke ba. Ban ɓoye su ba, Bappa. Na sa su a gaba.

Chidi ya taso ya tsuguna kusa da ni da babbar rigarsa. Ba zanen yake kallo ba, jan biron kusurwa yake kallo. Ka san Hausarsa ta Jimeta. Ya ce, "Wannan hannun Mama na ne. Shi ya rubuta duka?" Na ce duka. Ya ce yana sakandare yakan ga bayan motarta cike da yagaggun kwalaye, ya taɓa kwashewa zai zubar, ta kusa cire masa kunne, ba ta kuma gaya masa na mene ne ba. Ya ɗauki nawa ya ƙirga zanen da yatsa. Ya dubi ƙafata, ya dubi ƙaramin zanen na ciki.

Ba su ba ni amsa ranar ba. Suka ce za su zauna. A hanyar gida na gaya wa Jummai abin da na faɗa, ta ce, "Na sani. Tun da aka ce ke, na sani." Ta biya mini kuɗin mota ta tafi ba sallama. Kwana goma sha bakwai ina duba waya.

Asabar da ta wuce muna filin muna nome ciyawa, don Jummai ta ce ko an ba mu ko ba a ba mu ba sai mun fito da layukan nan. Wajen ƙarfe huɗu motar kamfanin ta shigo. Ruwa ne a baya, da ƙwallaye, da wani ɗauri da aka lulluɓe da leda. Chidi ne ya sauko da kansa ya kwance. Sababbin kwalaye ne, an yanka su daidai faɗin taka ƙafa, da biro biyu, baƙi da ja. Ya miƙo mini baƙin, ya sa jan a aljihunsa. Ya ce ya kira mahaifiyarsa, ta gaya masa layin da masu kambas suke a kasuwa, ta kuma gargaɗe shi kada ya aiki kowa.

Don kada in ƙara gishiri: shekara ɗaya suka amince, sannan a sake dubawa. Sharaɗin makaranta yana nan. Ba mu da malami kamarka, ni da Jummai ne muke haɗa abin da muka tuna, kuma idan bautar ƙasa ta jefa ni nesa ita za ta riƙe usur. Ina jin tsoro, Bappa, ba zan ɓoye maka ba. Amma ina jinjina wa mutanen nan. An gaya musu babu kofi, babu suna, babu hoto, suka dawo da kwali.

Akwai wata yarinya da ta tsaya jikin katanga tun muna noma. Na rasa yadda zan kira ta, sai na ari maganarka. Ta taho a hankali tana kallon hannuna, ko zan nemi wani abu. Na shimfiɗa kwalin, na durƙusa. Zanen ya karkace wajen diddige. Da biron ya zo tsakanin yatsunta ta ƙyalƙyale da dariya.

Baba na, ashe daga ƙasa kake kallonmu duk shekarun nan. Ban sani ba sai da na durƙusa.

Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata makwancinka. Yadda ka raka mu gida ɗaya bayan ɗaya, Allah ya raka ka har inda babu tsoro. Ya ba Goggo Asta haƙuri, ya ƙara wa Madam lafiya, ya sa albarka a kamfaninta da hannun ɗanta. Mu kuma ya ba mu gwiwar durƙusawa.

Taka har kullum,
Kwanye, Lamba Huɗu
Bako, Yola