Alkamar Burbara da na tsane

Zuwa ga 'yata Nuhad,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mijinki Ramiz da jikokina. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya raba ku da sanyin Kanada. Mu nan ƙauyenmu Kusba mun gama tsinkar zaitun, ruwa ya fara sauka, gwiwata ma ta fara nata wa'azin. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ubanki ya bar makaranta tun malam bai gama haddace sunansa ba.

Kin roƙe ni in rubuto miki yadda marigayiya mahaifiyarki take dafa alkamar idin tunawa da waliyiya Burbara, don yaranki su ɗanɗana ko sau ɗaya. 'Yata, kin tambayi makaho hanya. Duk zamana da mahaifiyarki Wadi'a aikina a wannan idi ɗaya ne, in miƙa kwano. Amma na ji kunyar in ce miki ban sani ba, na kuma ƙi jinin a ce bana ƙofarmu ce kaɗai ba ta fitar da komai wa maƙwabta ba. Sai na ce bari in gwada, abin da ba ya wuce alkama da sukari ai ba zai gagari tsohon direba ba.

Na jiƙa ta, na dafa har ta fashe. Sannan na tsane ruwan tas, na baza ta a babban tire, na rufe ta da garin sukari, na lallaɓa da bayan cokali, na jera zabibi da 'ya'yan rumman. Ta yi kyau har na yaba wa kaina. Na ɗauka na nufi gidan Ummu Jirjis maƙwabciyarmu, ina tafe kamar ango, yara masu rufe fuska suna yawon idin gida-gida suna bina da waƙa. Tana buɗe ƙofa ta dafe ƙirji, ta tambaye ni wa kuma ya rasu, ko ke ce, Nuhad. Sai a lokacin na dubi abin da ke hannuna. Irin tiren da aka kai coci ranar arba'in ɗin mahaifiyarki na yi, har zabibin ma gicciye na jera ban sani ba. Shi kaɗai na taɓa tsayawa na ƙura wa ido, shi hannuna ya haddace.

Na so in yi wasa, na ce mata ai ni ne mamacin, na kawo tawa da wuri don kada ta yi min rowar sukari. Ba ta yi dariya ba. Ta zaunar da ni, ta kira ni tsohon banza, ta ce da Wadi'a ta ga wannan da ludayi za ta bi ni har bakin titi. Ta juye alkamar a tukunya, ta ƙara ruwa da kirfa da yansun, ɗan irin nan mai ƙamshi, ta ce ta masu rai da romonta ake sha, da zafinta, busasshiya kuwa ta waɗanda suka tafi ce. Mun sha. Ta yi daɗi, amma ba ta mahaifiyarki ba ce, kuma duk mu biyun mun sani. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

To ga abin da na samo miki: alkama, yansun, kirfa, sukari, rumman a kai. Sauran ya tafi da mai shi, ki nemo naki da harshenki. Abu ɗaya nake roƙo, kada ki tsane ruwan. Ki dafa wa jikokina ta masu rai. Ɗayar na riga na iya, ki bar min ita.

Ki gaida Ramiz, ki ce har yanzu ina jiran hular da ya yi alkawari. Ki sumbaci Wadi'a ƙarama da Sami. Gwaggonki Salma da Ummu Jirjis suna gaishe ki.

Ubanki mai miƙa kwano,
Tanyus