Garmar da Ta Ƙi Tashi

Zuwa ga Kawu Almu, Ƙofar Marusa, Katsina.

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Yaya ƙafar Inna Furera? Ni lafiya lau nake a gonar nan ta Romaniya. Sanyi ya ɗan tsattsage mini hannuwa, amma kada ka gaya mata.

Kawu, makon jiya tsohuwar taraktar mai gonar ta daina ɗaga garma. Makanikensu ya ce ta gama yayi. Dattijon mai gonar ya ce in babu huɗa, sallamarmu zai yi.

Sai na tuna yadda kake kara kunne a jikin famfo kafin ka taɓa sifana. Na saurari famfon taraktar mai ɗaga garma, na ji yana shaƙar iska. Na wanke matatar mai, na canja robar da ta cinye. Da na ja hannun ɗagawar, garma ta tashi cak!

Dattijon ya ce, "Wace jami'a ka yi?" Na ce, "Garejin kawuna."

Shekara shida na yi ina gunaguni a garejinka. Ka yafe mini. Allah ya ƙara wa hannunka albarka.

Ɗanka,
Nu'uman